Sunan Baba a Bangon Filin Wasa

Da na ji cewa ƙungiyar matasa za ta rubuta sunayen gwanayen wasa a bangon sabon filin ƙwallo na Rogo, ban nemi shawarar kowa ba. Na yago takarda daga littafin darasina, na rubuta sunan mahaifina, na nufi inda suke taro.

Sunana Rumasa'u. Ina koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata. Shekara uku na yi a Kano ina karatun wannan fanni, kuma tun daga ranar da na zaɓe shi ake tambayata ko guje-guje ma karatu ne. Na saba. Saboda haka da na yi sallama a ƙofar ajin da suka ara don taron, na ga maza goma sha biyu sun juyo suna kallona, ban ji komai ba. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya kamata, na durƙusa wa shugaban kwamitin, Baba Ɗanmaliki, tsohon ɗan kokawar da ya yi zamani, wanda kuma taubashin mahaifina ne. Sannan na miƙa takardata ga sakatare.

Sakataren shi ne Bahauddeen. Ya taɓa buga ƙwallo a wata ƙungiya a Kano na shekara biyu, har yanzu kuma tafiyarsa ta 'yan ƙwallo ce, ko da yake tumbi ya fara fitowa. Ya duba takardar, ya juya bayanta ko akwai ƙarin bayani.

"Malama, wane ne Ƙasimu? Wace ƙungiya ya buga wa?"

"Mahaifina ne. Ƙasimu mai fito, na Ruwan Bago."

Wani daga baya ya yi dariya ya mayar da ita tari.

"Allah ya ƙara masa lafiya," in ji Bahauddeen. "Amma Malama, fito ai sana'a ce. Mu gwanayen wasa muke nema. In muka buɗe wannan ƙofa, gobe mai faskare ma zai turo ɗansa."

"Iyo wasa ne ko ba wasa ba ne?"

"Wasa ne, a inda ake yinsa."

"Watan jiya a shagon kallo kun kusa ba hammata iska a kan Baturen nan mai iyo da ya tara lambobin zinare, wai ko ya fi 'yan ƙwallo ko bai fi su ba. Ƙanena ya ba ni labari. Kai ne ma ka ce a duk duniya ba a yi kamarsa ba. Shi ruwansa an auna, an tace, an ja masa layi. Ba igiyar ruwa, ba kututturen da zai daki ƙirjinsa, ba tsohuwa a hannunsa tana salati. Mahaifina damina talatin da ɗaya ya yi yana ƙetarar da mutane da shanu a kogin da ko a kwale-kwale ba kowa ke yarda ya shiga ba. Bai taɓa rasa ko ɗan akuya ba."

"Wa ya taɓa kayarwa?" Bahauddeen ya tambaya. "Gwani sai da abokin karawa. Baba Ɗanmaliki ga shi nan, an san waɗanda ya kai ƙasa, har makaɗa na kiran sunayensu. Shi Baba Ƙasimu wa ya tsere wa?"

"Babu wanda ya isa ya tsaya kusa da shi balle a yi tseren."

"To kin gani."

Baba Ɗanmaliki tun farko yana ta ɓare goro da farce. Sai yanzu ya ɗago.

"'Yar nan, ubanki kifi ne, kifi kuwa ba a yi masa kirari don ya iya ruwa. Amma tunda kin zo da ƙafarki, ba za mu kore ki ba. A shirya tsere a tsohuwar mafitarsa, yanzu da kogi yake cike. Duk wanda ya ga zai iya ya shigo. Wanda ya fara fita ya taɓa tuta shi ne gwani. In wannan tsohon kwaɗon ya zo na ɗaya, ni da hannuna zan riƙe wa mai fenti tsani ya rubuta shi a sama da ni."

"Ni ma zan shiga," in ji Bahauddeen. "Don a san abin ba wani abu ba ne."

Na ce na yarda. Sai da na hau babur na kama hanyar gida na tuna ban tambayi mai sunan ba, kuma shekararsa sittin da biyu.

Wanda bai san garinmu, Ruwan Bago, kafin a gina gada ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Kogi ne ya raba mu da hanyar Karaye. Da rani yara ma suna tsallake shi da ƙafa. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, ruwan ya koma ja, yana tafe da rassa da karan dawa. Mai zuwa kasuwa, mai zuwa asibiti, mai kai gawa, Fulani da garkensu, duk sai sun jira Baba. Yana da wani babban gora da aka ɗaure da igiya. Mutum ya rungumi goran ta gefe ɗaya, Baba ya riƙe damatsansa ta ɗaya gefen, ya yi ta tuƙi da ƙafa har hayi. Kaya kuma a masaki ake zubawa ya tura. Ba ya taɓa shiga ruwa daidai inda yake so ya fita. Sai ya yi tafiya can sama da mafita, ya tsaya ya daɗe yana kallon kumfa, sannan ya shiga, ya bar kogin da kansa ya kawo shi inda yake nufi.

Haka ya riƙa kai ni firamare a hayi, shekara shida, kayan makarantata da littattafai a masaki. Ranar jarrabawar shiga sakandare an kwana ana ruwa. Yara tara ne za su rubuta daga garinmu, iyayen takwas suka ce ba inda za su. Baba ya kalli kogin, ya kalle ni, ya ce, "Uwata, za ki iya riƙe goran da kyau?" Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ce zan iya. Ruwa ya shiga hancina sau uku, ban saki ba. Da ƙafata ta taɓa yashi na haye tudu ina rawar sanyi, na juyo na gan shi har yanzu a ruwa zuwa ƙirji. Kullum haka yake yi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce wanda ya shigar da mutum ruwa ba ya taka tudu sai mutumin ya taka, haka ubansa ya koya masa. A lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba.

Da aka gina gadar, shi ne ya fara yin hamdala. Ya rataye goran a rumbu ya koma gonar gyaɗarsa. Amma shekarar bara wata ɗalibata, wadda na san a goran nan aka ƙetarar da uwarta tana naƙudarta, ta tambaye ni, "Malama, mene ne fito?" Wannan tambaya ce ta yi ta damuna har ta kai ni gaban kwamiti.

Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Bayan na gaishe shi na zauna na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya saurara bai daina tufka ba.

"Tsere," ya ce. "Zuwa ina?"

"Zuwa hayi, Baba."

"Me za a kai?"

"Ba komai. Haka nan za a je."

"A shiga ruwa hannu rabbana, a fita hannu rabbana. To me aka je yi?"

"A ga wanda ya fi sauri."

"Akwai gada, Uwata. Ta fi kowa sauri."

Inna Barira, mahaifiyata, tana jinmu daga tsakar gida. Ta leƙo da muciya a hannu.

"Rumasa'u, ki ji tsoron Allah. Mutumin da sai na gasa masa gwiwa kafin ya tashi sallar asuba shi za ki jefa a kogi don a rubuta shi a bango? Bangon zai ci ne ko zai sha?"

"Inna, na riga na faɗa a gaban mutane."

"Ai ke kullum kin riga kin faɗa."

Baba ya yi murmushi. "Wa ya kawo shawarar tseren?"

"Baba Ɗanmaliki. Ya ce kai tsohon kwaɗo ne."

Ya ajiye igiyar. Ya daɗe yana dariya ba sauti, kafaɗunsa ne kawai ke motsi.

"Ɗanmaliki ne ya ce haka. To shi ke nan. Gaya musu ina zuwa."

Mako biyu muka yi muna zuwa bakin kogi bayan la'asar. Ni a tudu da waya a hannu ina auna lokaci, shi a ruwa. Na koya masa abin da aka koya mini a kwaleji, yadda ake miƙa hannu, yadda ake juya kai a shaƙi iska. Ya saurara da ladabi kamar ɗalibi, ya shiga ruwa ya yi irin nasa. Kansa a sama kamar mai ɗauke da tulu, ko gashinsa ba ya jiƙewa. Na ce masa hakan na rage gudu. Ya ce in ya nutsar da kai, da wane ido zai ga abin da kogi ya ɗauko? A tudu yana ɗingishi, amma da ruwa ya kai masa ƙugu sai ɗingishin ya ɓace. Na auna shi sau goma sha ɗaya, bambancin lokutan bai kai daƙiƙa biyar ba. Ban gaya wa kowa ba, amma na riga na fara tunanin kalar fentin da zan ce a yi amfani da ita.

Ranar Asabar da hantsi gadar ta cika da mutane, har masu motocin Karaye suka tsaya kallo. Mutum bakwai ne suka fito. Akwai masunta uku daga wajen dam, cikinsu da wani Ilu mai faɗin ƙirji wanda kowa ke cewa shi zai ci. Akwai wani makiyayi daga Gwangwan, da samari biyu, da Bahauddeen cikin gajeren wandon ƙwallonsa. Baba ne na takwas. An ajiye kwale-kwale biyu a ƙasa da mafita saboda tsaro, an kafa tuta a hayi. Ni ina hayin tare da kwamiti da ɗalibaina 'yan aji uku, waɗanda na ce wa shugabar makaranta darasi ne zan kai su.

Aka ce kowa ya tsaya inda yake so a gaɓar. Duk suka jeru daidai saitin tuta, don nan ne ya fi kusa. Baba kaɗai ya juya ya kama ɗingisawa zuwa sama, har ya kusa shan kwana.

"Ga shi can zai gudu gida," in ji Baba Ɗanmaliki.

"Kai ma ka san inda za shi," na ce.

Ya kalle ni ta gefen ido, ya jefa goro a baki.

Aka busa usur. Bakwai ɗin suka faɗa ruwa da ƙarfi, suna dukansa da hannu bibbiyu. Kafin su kai tsakiya igiya ta kwashe su ta yi ƙasa da su, suka koma kokawar dawowa saitin tuta. Baba kuwa ya shiga a hankali kamar mai shiga masallaci. Kansa kaɗai ake gani, farin gemu a kan jan ruwa, yana gangarowa a karkace. Bai yi kama da mai sauri ba. Sai kawai muka ga ya wuce makiyayin, ya wuce samarin, ya bi ta gaban Ilu ya bar shi yana haki. Gada ta ɗauki sowa. Ɗalibaina suna tsalle suna kiran "Baban Malama, Baban Malama." Na duba waya, ya fi duk lokutan da na taɓa aunawa.

Ya iso inda ruwa ya tsaya masa a ƙirji. Tsakaninsa da tuta bai fi taku goma ba. Ya dafa ƙasa da ƙafa, ya tsaya, ya juya baya yana kallon kogin.

"Baba, fito," na ce. "Ga tutar nan. Baba."

Bai ko waiwayo ba. Leɓensa na motsi, na gane ƙirga kawuna yake yi. Ilu ya iso, ya yi turus a gefensa, yana jiran tsoho ya wuce. Baba ya yi masa alama da hannu ya hau. Ilu ya hau ya taɓa tuta, fuskarsa ba ta nuna ya ci komai ba. Sauran masuntan suka fito, sai makiyayin, sai samarin can ƙasa suna rarrafe. Shida. Baba ya sake komawa cikin ruwa.

Bahauddeen yana tsakiya, inda igiya ta fi ƙarfi. Bai nutse ba, amma ya daina ci gaba, hannuwansa sun yi nauyi, yana ta waige-waige wajen kwale-kwale. Masu kwale-kwalen sun fara tuƙowa, Baba ya ɗaga musu hannu su dakata. Ya je ya tsaya ta ƙasan Bahauddeen, inda in ruwa ya kwashe shi a jikinsa zai tsaya. Bai taɓa shi ba. Daga inda nake ina ganin bakinsa na motsi. Can sai Bahauddeen ya juya rigingine, ya daina dukan ruwa, suka gangaro tare a hankali, kamar mutum biyu masu dawowa daga gona suna hira. Sun fita nesa da tuta sosai. Bahauddeen ya hau tudu da gwiwa da hannu ya kwanta. Sai a lokacin mahaifina ya taka yashi, na takwas cikin takwas.

Na isa wurinsa da rigarsa a hannu, idona ya cika, ba don tausayi ba.

"Baba, ka ci. Kowa ya gani ka ci. Taku goma ya rage."

"Da mutum a ruwa, Uwata."

"Akwai kwale-kwale. Kuma ba kai ka shigar da shi ba, shi ya kawo kansa da bakinsa."

Ya karɓi rigar yana goge gemu.

"Saboda wa aka taru a nan? Duk wanda ya shiga ruwan nan yau, ni na shigar da shi. In kuma aka tsamo shi a kwale-kwale a gaban wannan jama'a, da wane ido zai shiga kasuwar Rogo?"

Na juya na bar shi yana sa riga. Muka koma gida. Inna ta ga fuskata ta ce, "An rubuta ko?" Baba ya ce mata a dafa masa ruwan gashi.

Bayan kwana huɗu kwamiti ya aiko a kira ni. Na tafi da shirin faɗa. Bahauddeen ne ya fara magana, bai kalle ni ba, takardar gabansa yake kallo.

"Malama, kin san abin da ya ce mini a ruwa? Ya tambaye ni ko mahaifina ya samu sauƙin ƙafarsa. Ni ina ganin lahira, shi yana gaisuwa. Sannan ya ce in kwanta in kalli sama, kogi ba ya faɗa da wanda bai tsokane shi ba." Ya gyara zama. "Na buga minti casa'in sau ba adadi. Minti shida na yi a ruwan nan. Shi kuma damina talatin da ɗaya, da mutum a hannu. Na sa sunansa a jerin."

"Sharaɗi dai sharaɗi ne," in ji Baba Ɗanmaliki. "Na ce in ya zo na ɗaya. Bai zo ba. Ilu ne ya taɓa tuta."

"Ilu ya aiko cewa in aka rubuta shi aka bar tsohon, zai zo da kansa ya kankare," in ji Bahauddeen.

"To a sa kwaɗon a ƙarshe, inda ya zo. Ƙasan bango ba ya bukatar tsani, kun hutar da ni."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

"Baba Ɗanmaliki, tsakaninka da Allah, bai cancanci sama ba?"

Ya juya goro a tafin hannu.

"'Yar nan, duk kokawar da na yi a Karaye da damina, ubanki ne ya kai ni. Ni da nake ɗaga ƙato in buga da ƙasa, in na rungumi goran nan ido nake rufewa ina kiran sunan uwata. Shekara ashirin yana ji. Mu taubasai ne, ba abin da ba ma yi wa juna gori da shi, har gaban surukai. Wannan kaɗai bai taɓa faɗa wa kowa ba." Ya jefa goron a baki. "Amma na ɗaya dai bai zo ba."

Ranar da aka gama fenti na ɗauko Baba a babur na kai shi. Sunaye goma sha uku ne, baƙi a kan fari. Ba ya karanta boko, don haka na karanta masa daga sama, Ɗanmaliki, da 'yan dambe biyu, da 'yan ƙwallo, da wani mai tseren keke, da Ilu, har na iso ƙasa, dab da inda ciyawa ta fara. Ƙasimu Mai Fito, Ruwan Bago, iyo. Ya sunkuya da ƙyar saboda gwiwa, ya shafa rubutun da yatsa.

"Duk sauran suna gabana?"

"Dukkansu, Baba. Abin da ya ɓata mini rai ke nan."

"Ba wanda ya rage a baya?"

"Babu."

"To madalla," ya ce, ya dafa kafaɗata ya miƙe.

Har yau ban yarda da jerin nan ba, kuma na gaya wa kwamiti a rubuce. Duk farkon zango ina kai 'yan aji ɗaya filin, in tsayar da su gaban bangon, in ce su karanta mini sunayen da ƙarfi. Daga ƙasa nake sa su fara.